Na Kantar Tsakiya

Wata tara ina zubi wajen Haladu mai tsire,
dubu biyar, dubu goma ranar da ɗinki ya yi albarka.
Ya ce, "Tasi'u, aure za ka yi ne?"
Na ce katin hoto zan sauya wa kwamfuta.
Ya yi mini kallon da yake yi wa mai neman bashin nama.

Tsohon katin ya yi mini bauta, ban raina ba.
Shekara shida yana tari cikin akwati,
fankarsa na kuka irin na kekena in ya rasa mai.
In na shiga tseren mota, titi sai ya riƙa zuwa
guntu-guntu, kamar mai in'ina ya kawo saƙon gaggawa.
Kafin in hangi kwana na riga na daki katanga,
yaran Surulere na ƙyalƙyata dariya cikin kunnena.

Ran Asabar na hau danfo daga Agege,
kuɗi a safa, safa a takalmi, ido a kan takalmin.
Ikeja, kasuwar kwamfuta,
inda kowa ɗan'uwanka ne har sai ka biya.
Shagon Chidubem na hawa na biyu, bayan mai liƙa gilashin waya.
Kanta uku ya jera.
Na sama mai fanka uku ne, da fitila mai sauya launi,
kuɗinsa hayar ɗakina ce ta shekara biyu har da canji.
Na hange shi, hangen Dala.
Na ƙasa ƙanen tsohon nawa ne, an dai shafa masa mai.
Na ce, miƙo na tsakiya.

Baƙi ne, fanka biyu, ba kwalliya.
Na taya, ya ce "albarka" da Hausarsa ta kasuwa.
Na juya zan sauka, ya kira ni a matakala ta huɗu.
Na sa ya kunna shi rabin awa,
na ɗora bayan hannu ina jin ɗuminsa
yadda Inna ke duba goshina in ta zargi zazzaɓi.

Ruwa ya tare ni a Ogba.
Leda biyu na naɗe shi, na cusa cikin riga,
ni na jiƙe, shi bai san an yi ba.

A ɗaki na ture yadin mutane gefe,
na kwance noti huɗu, ɗaya ya gudu ƙarƙashin gado.
Na hure ƙurar shekara shida, na yi atishawa uku.
Na danna shi a gurbinsa, ya ce ƙas.
Sai aka ɗauke wuta.

Na zauna a duhu da sukudireba a hannu,
janaretan Iya Rofiat na yi mini gwalo ta bango.
Sha ɗaya saura layi ya ɗauki ihu.
Na ce bismillah, na taɓa.

Ashe titin nan da nake bi shekara da shekaru
akwai ruwa kwance a kansa, fitilu na wanka a ciki.
Ashe ciyawar gefe ɗai-ɗai take, kowace da rawarta.
Ba duka na buɗe ba, na san gwargwadon abina:
inuwa na bar ta a tsakiya, hayaƙi na rage kaɗan.
Amma mota na tafiya sumul, kamar almakashi a sabuwar shadda.

Na taka birki a kan gada, na tsaya kallo.
Yaran Surulere suka wuce ni fuu, ɗaya bayan ɗaya.
"Tasi'u, me ya faru? Ya sake maƙalewa ne?"
Ban amsa ba.

Tsohon yana cikin kwalin sabon, a saman kwaba.
Mudassir ɗan maƙwabta ya leƙo sau biyu yau,
yana tambayar ko yana aiki har yanzu.