Shafi na Goma Sha Ɗaya

Tun azahar aka ɗauke wuta.
Mu bakwai ne a ɗakin taro, fanka ta tsaya cak,
takardu jibge, tambaya ɗaya tal:
a shekara nawa za a fara gwada idon yaro?

Dakta Mansura ta buɗe binciken wata ƙasa mai ƙanƙara,
yara dubu arba'in, kowa da lambar gidansu.
Na ce, to wa ya ƙirga na Kurna?
Ba amsa, sai ƙahon a-daidaita-sahu daga titi.

Na san inda namu alƙaluman suke:
sito, bayan ɗakin awo.
Gara ta ci daga Maris zuwa Yuli,
abin da ta rage yoyon damina ya lashe.
Ɗari uku muka bi a Rijiyar Lemo,
kuɗin haya ya tashi, saba'in suka tashi.
Ka kira lambar uwa, mai gawayi ya ɗauka.

'Yan sha huɗu kuwa,
sun fi ƙarfin bencin jarirai,
ba su kai layin manya ba.
Sagiru ya zo sau ɗaya. Na ce, yaya barci?
Ya saci kallon ƙofa, inda babansa ke tsaye,
ya ce lafiya lau.
Na rubuta lafiya lau.
Ita ma ta shiga lissafi.

Rigakafi ba ya barin sawu.
Zazzaɓin da bai zo ba, wa zai buɗe masa kati?

Farfesa ya ce a bar hujja ta nuna,
ɗanyen mangwaro ciwon ciki ne.
Gaskiyarsa.
Sai dai jaririn da aka raɗa wa suna
makon da muka fara zaman nan
yanzu yana bin awaki da gudu.

Sista Hansatu ta tattara jakarta:
"Gobe Talata, ranar awo.
Uwa za ta tambaye ni. In ce mata ana taro?"

Sai na ɗauki fensir, ba biro ba.
Na rubuta: shekara huɗu.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: hujjarmu ba ta da ƙarfi,
a sake dubawa.
Na bar gefen shafi da faɗi
don wanda zai zo ya gyara mu.

Bayan isha'i, a gida, Gwammaja,
na tarar da Kubura tana aikin makaranta,
littafi har yana taɓa hancinta.
Shekararta tara.
Ban taɓa gwada idonta ba.