Kalmar da Lawali Ya Aiko

Ƙanena Lawali, mai fiɗar kifi a jirgin Norwe,
wannan wata bai aiko kuɗi ba.
Kalma ya aiko: hav.

Ya ce ba ruwan bakin gaɓa ba ne,
wanda yara ke tsoma ƙafa; wancan da sunansa daban.
Hav shi ne can inda ƙasa ta janye jiki,
ka duba gabas, ka duba yamma, ko kan dutse babu.
Sukan liƙa ta ga abu kamar laya:
gaggafar hav, gishirin hav,
duk abin da ya yi nisa har ya manta hayaƙin gida.

Na karanta wa Inna Tsahara a layin famfon Garin Malam,
bido goma sha ɗaya gabanmu,
famfo sai tari yake, ba ɗigo.
Leɓenta ya ƙi harafin ƙarshe.
Ta ce, "Haba?"
Na ce, hav.
Ta ce, "Haba dai! Ruwa ya yi wa mutane yawa
har suna raba masa sunaye?"

Da magariba na hau duwatsun Birni,
na fuskanci arewa, hanyar Tanut,
inda motarsa ta nutse cikin rairayi, shekara shida.
Wannan ma ba shi da gaɓa.

Inna ta ce in tambaye shi ko ana sha.
Amsa ta zo bayan kwana uku:
gishiri ne zalla, Yaya,
ruwan shanmu a jirgi ma da awo ake ba mu.

Ta yi shiru. Ta tura bidonta gaba da ƙafa.