Takalmin Kefas

Ranar Talata ce, muna tonon gyaɗa
a gonarmu ta bayan dutsen Kaltungo.
Kefas ya sunkuya zai ɗaga tarin harawa,
ya ce, "Mama, wani abu ya sare ni,"
da muryar da yake roƙon ƙarin tuwo.
Kububuwa ce, launin ƙasa,
tsawonta ko kamu ɗaya bai kai ba.

A kan babur muka kai shi asibiti,
ina rungume da shi kamar zan mayar da shi goyo.
Sun yi allura, sun ƙara, sun yi iya yinsu,
jini ya ƙi tsayawa a dasashinsa.
Daren Alhamis, kafin carar zakara,
aka rufe masa fuska da zanena.

Shekara goma sha tara.
Takardarsa ta shiga makarantar jinya
tana nan cikin kwalla a ƙarƙashin gado,
ban san wanda zan mayar wa ba.

Masu gaisuwa sun zo da dalilai
kamar masu kawo gudummawar biki.
Wata ta ce a binciki tsohuwar da muka haɗa iyaka.
Wani ya ce da wuta ake tace zinariya.
Gwaggonsa ta ce na daɗe ban fitar da zakka ba.
Na karɓa duka, na yi godiya,
na zubar da su bayan gida da ruwan wanke-wanke.
Fasto Filibus kaɗai ya zauna kan turmi
har rana ta faɗi, bai ce uffan ba.
Da zai tafi ya ce, "Damaris, ni ma ban sani ba."
Wannan kam na adana.

Ya Ubangiji, me zan ɓoye maka?
Wata biyar ban taɓa tulun zumuntar mata ba.
In aka ta da waƙa leɓena kan motsa,
muryar kuwa tana can gona.
Na tambaye ka da Tangale, na tambaye ka da Hausa,
na tambaye ka da goshina a jikin bango.
Shiru.

Sai ran Jumma'ar gicciye,
ina bencin baya kusa da ƙofa,
na ji an karanta yadda Ɗanka ya ɗaga murya
ya yi maka tambayar da nake yi,
sama ba ta ce komai ba,
uwarsa kuma tana tsaye a gindin itacen.
Na ce, ashe gidanka ma an yi wannan makoki.
Ran nan na yi kukan da ban yi ba a kabari.

Ruwan shuka ya sauka shekaranjiya.
Gona ba ta san zaman makoki ba,
cikin ƙannensa ma bai sani ba.
A bayan ƙofa akwai takalmin roba
da ya saya da kuɗin ƙodago,
wanda ya bari a gida ran nan, wai zafi ya yi yawa.
Na daɗe ina gaba da takalmin nan.
Yau na sa shi.
Ya yi mini yawa, na cusa tsumma.

Ga ni a bakin gona, sungumi a kafaɗa,
sabuwar ciyawa ta rufe inda ya zauna.
Ban san abin da ke kwance cikinta ba.
Dalilinka ma ban sani ba,
in na zo zan sake tambaya, ka sa rai.
Abu guda na riƙe:
hannun da ƙusa ta huda
ba zai saki ɗana ya faɗi ba.

Na ɗaga ƙafa, na taka.
Na sari ƙasa, na jefa ƙwaya biyu,
na rufe da diddige,
na matsa gaba.