Gadon Baya

Babana ya yi shekara arba'in a duƙe,
fartanya a hannu, a fadamar Jiratawa.
Ya ce: "Kai dai je lakkol, Tasi'u,
ka samu kujera, ka huta da wannan sunkuyo."
Na je. Na samu kujerar.
Baƙa ce, mai juyawa, ƙafarta ɗaya ta ɗan karkace.

Shekara tara ke nan ina bisanta
ina ƙirga buhunan mutane,
aya da wake masu ƙetarawa ta Ɗan Isa.
Lambobi na hawa, lambobi na sauka,
ni ko motsi.

Ciwon bai yi sallama ba.
Da ƴar tsunkula ya fara, a tsatso, bayan la'asar,
kafin damina biyu an ɗaura mini turmi a ƙugu.
Ran da bik ya faɗi ƙarƙashin tebur
na tsaya leƙensa kamar guga a rijiya.
Ruku'u ya koma ciniki:
in taya kaɗan, baya ya ce albarka.

Likita ta ɗaga hoton a hasken taga,
ta ce babu abin da ya karye.
"Zama ne ya yi maka yawa. Tashi."
Jika biyar na biya
don kalmar da uwata ke ba ni kyauta kowace asuba.

To, na tashi.
Na naɗe tsohon zanen Sahura na cusa tsakanina da kujera.
Na ɗora allon kwamfuta kan takardun bara
har ya daina sa ni rusuna masa.
Na bar aiken yaro shayi,
ni ke sauka wurin Ma'azu, taki sittin da biyu,
in sha a tsaye.
In an ɗauke wuta, biro ya cika da tsaki,
ni ina can lungu ina miƙa irin ta mage,
ina godiya a ɓoye.

Da yamma mai kabu-kabu ya yi mini oda,
in ɗaga masa hannu.
Da ƙafa nake kai kaina Ali Ɗan Sofo.
Katifa na bar wa yara.
Tabarma, matashi ƙarƙashin gwiwa,
Sahura da tsumma da ruwan zafi
tana gasa ni tana ba ni labarin farashin tumatir.

Bai tafi ba. Muna dai zaman haya,
ya san ɗakinsa, na san nawa.

Juma'ar nan tsohon ya iso ba sanarwa,
ya tarar da ni a ƙasa, gwiwoyi a ƙirji.
Yana tsaye ƙyam kamar taɓarya.
Ya daɗe yana kallo.
"Wannan ma cikin aikin ne?"
Na ce e.
Ya yi dariya har hularsa ta zame.
"Asabar akwai dashen albasa. Kunya biyu kawai."
Na ce sai na ga hali.

Da dare na tambayi Sahura
ko ta ga tsohon takalmina na roba.