Wankin Asabar a Luton

Na tsaya gaban kanta,
robobi sun jeru kamar masu jiran kiran suna.
Koriyar ta rataya hoton ganye a wuya,
wai ita ba ta cutar da kifi.
Fam takwas da ɗoriya.
Shuɗiyar da ke ƙasa ba ta yi alkawarin komai ba,
fam uku, da ƙamshi mai hawa kai.
Na duƙa, na miƙe, na sake duƙawa,
ina raba kuɗi da yawan wanki a waya
kamar mai rabon gado.

Raliya ta ja mini riga.
Shekararta tara, bakinta ya girme ta.
"Abba, malama ta ce ruwan wankinmu
ƙarshensa kogi ne."
Na ce kogi bai san kuɗin haya ba.
Ta yi shiru, ta sosa gwiwar hannu,
inda fata ta yi ja
tun watan da na sayo shuɗiyar.
Shari'ar da baki ya kasa,
farce ya yanke ta.

Muka fito da sodar wanki,
sabulun sanda marar turare,
da ruwan khal kwalba guda.

Zuwaira na barci a sama,
ta kwana tana juya tsofaffi a gadajensu.
Muka rufe ƙofar kicin a hankali.
Da abin goga kuɓewa na hau sabulu,
yana zuba fari-fari a kwano,
sai ga Inna Kande a idona,
tsugune bayan ɗaki a Malumfashi,
tana tace ruwan toka ta tsohon ƙoƙo,
tana juya salo har damtse ya gaji.
Ba ta taɓa jin ana wa'azin muhalli ba.
Ruwan wankinta gindin gwanda yake tafiya,
gwandar kuma ba ta kai ƙara ba.

Wankin farko ya ba ni kunya.
Baƙin wandona na tuƙin bas
ya fito da zane kamar an yi masa tsaga.
Ruwan garin nan kauri gare shi,
duba cikin butar shayi ka gani.

Dorin, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu,
ta leƙo ta kan shinge, ta yi dariya har da tari.
Ta ce na cika hannu.
Rabin cokali, ruwa mai ɗumi-ɗumi,
a narkar tukuna.
Ta miƙo leda cike da 'ya'yan itacen kaka,
masu sheƙi, jajaye kamar goro.
Ba a ci, in ji ta,
a farfasa, a jiƙa su kwana.

Na fasa su da taɓaryar daka yaji.
Da safe ruwan ya yi kalar koko,
Raliya ta girgiza kwalba,
kumfa ta tashi, ita ma ta tashi da tsalle.

Ba zan yi ƙarya ba:
sun wanke zanin gado,
sun wanke safa da kallabi,
amma manja ya tsaya a wuyan rigata
ya ce shi ba a nan ya ga iyayensa ba.
Kayan aikin Zuwaira kuwa ba a wasa da su,
su muke saya wa koriyar,
muna kai tsohuwar roba a sake cika mana,
muna auna ta kamar maganin tari.

Na shanya a igiya.
Kafin in shigo, sama ta yi halinta.
Muka kwashe da gudu, muka baza a kan kujeru,
falo ya koma kasuwar gwanjo.

La'asar muka bi ta bakin Kogin Li.
Agwagi biyu, keken shago a kife cikin ruwa.
Raliya ta leƙa, ta daɗe.
"Abba, kifayen sun sani?"
Na ce ban tambaye su ba.
Hannunta na cikin nawa,
kuma tun fitowarmu
ban ga ta sosa ba.