Farin da Ake Turewa

Shekara talatin ina sara a kasuwar Maradi,
hannuna ya san kitse kafin idona:
na ƙoda mai tauri,
na tumbi mai kama da tsohon mayafi,
na gadon bayan rago da ke zufa tun wuta ba ta kama ba.
Mai saye ya ce, "Rage mini farin nan."
In yanke, in ture gefen tebur, rabon ƙuda.

Barira kuwa ja take nema.
Shekararta tara, amosanin jini tun tana goye.
In ciwon ya tashi tsakar dare
sai kabu-kabu daga Bagalam zuwa asibiti,
ni a baya, ita a tsakiya, ƙashinta na kuka.
Leda guda. Wata rana babu.
Na ba da nawa har likita ya ce in huta,
na bi dangi gida-gida kamar mai bin bashi.

Ran Juma'a Habsu, ɗiyar ƙanena da ke jami'a,
ta ɗaga abin da na ture da yatsu biyu.
Ta ce, "Baba, irin wannan na jikin mutum,
akwai ƙwayoyi a ciki da ba su zaɓi sana'a ba tukuna,
kamar yaron da bai san ko ƙira zai yi ko saƙa ba.
Masu bincike na lallashinsu a kwalba,
ko za su yarda su koyi aikin ɓargo,
su haifi jini."

Na ce, yaushe?
Ta ce, ba bana ba, ba baɗi ba.
Har yanzu tambaya ce, ba magani ba.

Na sha jin an yi wa rogo kallon kitse.
Ban taɓa jin an yi wa kitse kallon jini ba.
Na yi dariya, dariyar ta tsaya a wuya.

Da dare Barira na barci, bakinta buɗe,
na dafa teɓar nan da uwarta ke yi mini tsiya a kai.
In dai da ja a ɓoye cikin wannan fari,
ku zo da wuƙa,
ni na san inda ake sa ta.

Da safe wani ya ce, "Rage mini farin nan."
Na yanke.
Na daɗe riƙe da shi
har ya sake miƙo kuɗin.