Matakala Ɗari da Goma Sha Ɗaya

Matakala ɗari da goma sha ɗaya
daga ƙofarmu zuwa titin ƙasa.
Da can Tordo a guje yake cinye su,
ya taɓo ƙasa, ya dawo ya tarar da ni a ta ashirin,
harshe waje, yana mini kallon rago.
Yanzu a ta arba'in muke tsayawa mu biyu,
ni da gwiwata, shi da ƙugunsa,
mu zuba wa jiragen tashar Valparaíso ido
kamar dominsu muka tsaya.

Shekara goma sha uku ke nan
da Rosaura ta tsinto shi bayan kasuwar kifi,
jiƙe sharkaf, ƙuma ta yi masa riga.
Na ce gidan nan bai da tukunyar baki uku.
Ta ce, "Eleuterio, miƙo mini tawul."
Ita ta riga mu, bana shekara huɗu.
Tawul ɗin yana nan.

Ran Talata likita Ximena ta ɗora shi a sikeli,
ta ɗebi jini, ta lalubi cikinsa,
ta daɗe tana kallon takarda.
Ƙoda ce, in ji ta.
Ban da gishiri, ban da ƙashin kaza,
ban da ɓawon burodin da nake zura masa ƙarƙashin tebur.
Yadda aka yi ta san da wannan, oho.
Nama kaɗan, shinkafa, dafaffiyar kabewa,
ruwa kuwa kada kwanonsa ya ga fari.
Ni da na shekara talatin ina sauke buhuna daga cikin jirgi,
yau ga ni da tabarau a karan hanci
ina tsame shinkafa cokali guda daga ma'auni.

Ƙwayar magani kuwa yaƙi ce.
Na binne ta a kabewa,
ya lashe kwano tas, ya bar mini ita a gefe
fara fat, kamar ya wanke ta.
Na niƙa, ya shinshina, ya juya mini baya.
Sai da na durƙusa, na buɗe bakin da hannuna,
na tura ta can ciki, na shafa maƙogwaro
ina ba shi haƙuri da sunan da Rosaura ke kiransa.
A nan na ji warin.
A nan na ga haƙorin, baƙi ƙirin, dasashi ya kumbura.
Ashe shi ya sa yake tauna da gefe guda
tun watan jiya, ni ina cewa tsufa ne.

A cire, in ji likita, sai dai sai an sa shi barci,
kuma mai irin ƙodarsa ba kullum yake farkawa ba.
A bari, zai ci gaba da ci da ciwo,
ba zai kuma faɗa maka ba.
'Yata ta bugo daga Santiago: Baba, kada ka wahalar da shi.
Na ce wace wahalar, ta wuƙa ko ta bari?
Shiru ya ratsa wayar.

Kwana biyu ina juya maganar
kamar yadda yake juyi kafin ya kwanta.
Na ƙirga kuɗin fansho a kan tebur, sun kai da ƙyar.
Daren Laraba na jefa masa tsohuwar ƙwallonsa,
ya kama, ya yi ƙara, ya sake ta,
ya tsaya yana kallonta a ƙasa.
Na ɗauki waya.

Ba ci daga ƙarfe takwas, haka ta ce.
Ya zauna gaban kwano, ya dube shi, ya dube ni.
Miyata na kan wuta.
Na kashe, na rufe tukunya,
muka kwana da yunwa gida ɗaya.

Da asuba hazo ya haɗiye teku.
Na naɗe shi a tawul, na rungume,
kilo goma sha huɗu da ɗumi da bugun zuciya.
Ɗaya. Biyu. Uku.
A ta arba'in ya ɗaga kai yana neman jirage.
Babu abin da ake gani.
Duk da haka muka tsaya.